Kofi Ɗaya

A aji Malama Turai ta dunƙule hannu, ta ce:
"Girmanta ke nan. Su biyu ne, can bayan ciki,
kwance kamar wake a kwanso, ba sa barci.
Jininku duka yana bi ta cikinsu, ya dawo, ya sake bi,
su tankaɗe shi kamar mace da rariya,
gari ya koma jiki, tsaki ya fita a fitsari.
Su ke auna gishiri, su ke lissafin ruwa,
su ke aika wa ɓargo ya ƙera sabon jini."
Na rubuta. Na haddace. Na ci jarrabawa.

Sai da aka tura ni ɗakin wankin ƙoda
na ga haddata kwance tana numfashi.

Gado na uku, jikin taga, Baba Mantau.
Shekara talatin yana tura kurar ruwa
daga Ƙofar Sauri zuwa Rafin Daɗi,
jarka goma sha biyu, sawu bakwai a yini.
In ƙugu ya riƙe, ya haɗiye ƙwayar ciwon jiki,
in kai ya sara, ya ƙara biyu, ya kora da jiƙo.
Hawan jini ya shigo masa ba sallama,
ya shimfiɗa tabarma, ko tari bai yi ba.
Ƙafa ce ta fara tona asiri:
ka danna da yatsa, rami ya tsaya.
Sai fuska da safe, sai fitsari mai kumfa,
sai ƙaiƙayi, sai tuwo ya koma ƙarfe a baki.

Litinin da Alhamis nake ɗora shi a sikeli.
Kilo uku ya ƙaru. "Baba, me ka sha?"
"'Yar nan, ko alwala a tsorace nake kurkure baki."
Ya kau da kai. Can ya ce, "Kankana ce.
Jikata ta miƙo, ya zan yi?"

Na ɗora yatsu a hannunsa na hagu,
inda likita ya ɗaura wa jijiya biyu aure,
tana zuza kamar zuma a cikin gora.
Nan ba a ɗaura awon jini,
ba a kwanciya a kai, ba a ɗaukar jarka.
Allura biyu. Jini ya fita ta bututu,
ya ratsa matata mai siraran zare dubbai,
ya dawo masa a wanke. Awa huɗu.
Duk rabin awa ina awo, ina rubutawa.

A awa ta uku ƙafa ta ɗaure, gumi ya keto,
awo ya faɗi. Na sauke kan gado, na kira Sista.
Hannuna yana rawa, nata ba ya yi.
Wuta ta ɗauke, na'ura ta sa kuka,
muka yi ta ƙirga numfashi
har janareto ya yi gyaran murya.

A baranda ɗansa Sallau ya tare ni.
An sayar da kurar, an sayar da akuya biyu.
"Wai mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya?"
Na ce yana yi, in an gwada ta dace.
Ya daɗe tsaye yana shafa kwiɓinsa.

Da na zare allura, na danne da auduga,
Baba ya dubi kofin silba a gefen gado,
wanda na ja wa layi da jan farce.
"Unguwa uku na shayar," in ji shi,
"yau yarinya ke auna mini iya wuyan kofi."
Ya yi dariya. Ya sha rabi.
Ya ajiye saura don la'asar.

Na isa gida Ƙofar Durɓi bayan magariba,
Inna tana zuba dunƙule na uku a miya.
Na ciro abin awo daga jaka.
"Miƙo hannu."
Ta ce, "Ni lafiyata lau."
Na ce, "Miƙo dai."